Kujerar Aya

...kuma ai ba dukanta ta yi ba. Wannan kam kowa shaida ne. Shekara tara da haihuwar Auta, ko ɗan yatsa ba ta taɓa ɗaga mata ba. To ina laifin? A ina abin ya karkace?

Dutsen guga ya yi zafi. Tana bin wuyan farar rigar da tsininsa, ido ɗaya a kan riga, ɗaya a kan agogon bango. Takwas da minti biyar. Sujada ƙarfe tara ne, yau kuma Lahadin yara, Auta ce za ta tsaya a gaban ikilisiya ta yi karatun Littafi Mai Tsarki. 'Yarta. Cikin yara sama da arba'in ita aka zaɓa. Ga riga, ga farar safa, ga takalmi yana ƙyalli tun jiya — mai sawa ce babu. Tana ɗaki tun wayewar gari, ƙofa a rufe, shayinta ya huce a kan tebur.

Ba kullewa ta yi ba. Ƙofar ma ba ta da makulli, babansu ya cire shi tun suna rarrafe. Taku shida ne daga teburin nan zuwa can, ta sani, don sau uku tana zuwa tana dawowa. Ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, sai... ta ce me?

Jiya —

A'a. Bari ta gama hannun rigar tukuna.

Jiya da yamma dai. Malamar makarantar Lahadi ta hawo benen nan uku tana haki, da 'yar leda a hannu. Ta zauna can kusa da taga, ta ce a kira mata Auta. Ta fito da sabon Littafi Mai Tsarki, ɗan ƙarami mai shuɗin bango da zif, ta buɗe inda ta sa alama. Labarin makiyayin nan da tunkiyarsa guda ta ɓata, ya bar sauran ya tafi nema. Aya huɗu kacal. "Zo nan, 'yata. Wannan naki ne. Daga nan zuwa nan."

Yarinyar ta karɓa da hannu biyu, yadda aka koya mata. Ta dubi littafin, ta dubi Malama. 

"Malama, me na yi?"

Me na yi. Malama har ta soma dariya, ta ɗauka wasa ne. Kafin wani ya buɗe baki Auta ta juya, ta nufi lungun da ke tsakanin firji da bango, ta hau 'yar kujerar nan ta katako, fuskarta ga bango, littafin a cinya. Ko waiwayowa ba ta yi ba ta ce, "Mama, sau nawa?"

Wayyo. Da ƙasa za ta tsage...

Rigar! Ta ɗaga dutsen da sauri. Bai ƙone ba. Allah ya rufa asiri, bai ƙone ba. Ta juya rigar, ta kama ɗaya hannun.

Kujerar aya. Ita ta sa mata sunan da bakinta, kuma har jiya da rana in ka tambaye ta abin da ta fi alfahari da shi a gidan nan za ta nuna maka kujerar. Shekara goma sha biyu ke nan. Ɗanta na fari, Dogo, yana ɗan shekara huɗu ya fasa kwalbar madara ya ce iska ce, hannunta ya tashi sama da kansa — ta ga hannun, ta ga na Innarta ne sak — ta sauke shi a hankali. Ta yi rantsuwa a ranar. Ba za ta doki ɗa ba. Maganar Allah ce za ta hore su. Ina aibu a nan? Wa zai ce akwai aibu?

Ga takardar can a cikin murfin kabad ɗin kofuna, da rubutunta, ta yi ja don tsufa. Ƙarya, ayar da ke maganar harshe, sau goma. Faɗa da ɗan'uwa, ayar ƙauna, sau goma sha biyar. Mayar wa babba magana, ayar girmama iyaye, sau ashirin. Can ƙasa da jan biro, wasa lokacin addu'a, sau talatin. Ba a taɓa wuce talatin ba, ita ba azzaluma ba ce. Ka zauna, ka kwafa, in ka tsallake layi ka sake. In ka gama ka miƙo takarda, a duba, ka nemi izinin tashi. Shi ke nan. Ba ihu, ba kuka, ba tabo.

Tsari. Ita mutuniyar tsari ce, a yi mata uzuri. Shekara goma sha takwas tana tsaye a bayan kantar kantin magani, tana rubuta wa mutane a bayan kwali: biyu da safe, biyu da yamma, bayan an ci abinci, kar a fasa ko an ji sauƙi. Kowace cuta da maganinta, kowane magani da adadinsa. Shi ya sa babansu ya laƙaba mata Likita. Ya shigo da jakarsa bayan sati biyu a kan hanya, ya tarar da ɗaya a kan kujera, sai ya rage murya: "Likita, yau me aka rubuta wa mara lafiyar namu?" Ta harare shi, ya ɗaga hannu biyu ya wuce. Wasa yake yi. Ai wasa ne... ko?

Kai kam ka huta, Malam direba. Kana can cikin babbar motarka, Allah kaɗai ya san a wace tasha, kana shan shayi da abokai. Ka dawo da alewa da labari. Labarin jirgin ruwa da dabbobi, kana yi musu kukan giwa da hon ɗin mota, kana cakuɗa sunayen annabawa, wannan ka sa shi a cikin kifin wancan, yara na hawa wuyanka suna shewa. Wa ke gyarawa daga kicin? Ita. "Ba haka aka rubuta ba." Wa ke tashinsu addu'ar safe? Wa ke jan kunne, wa ke duba farce da aikin gida da ayar haddar mako? In sun lalace wa za a nuna da baki a coci, kai ko ita? Daɗin abin duk naka, ɗacin nata. Ta kira ka sau biyu da safen nan, waya a kashe.

Takwas da minti goma sha ɗaya. Bas ɗin takwas da rabi ba ya jiran kowa, in ya wuce sai na tara, na tara kuma an riga an gama waƙar buɗewa. Malama za ta yi ta leƙen ƙofa. A ba wata yarinya karatun. 'Yar mai jagorantar waƙa, wataƙila, mai in'ina ɗin nan, uwarta ta yi ta washe baki har shekara mai zuwa —

Ji ta fa. Ji abin da take tunani. 'Yarta na ɗaki ko ruwa ba ta sha ba, ita tana kishin 'yar mai waƙa. Ubangiji, ka yi haƙuri da ni.

Fushi take yi, shi ke nan. Fushin yara. Don an yi mata tsawa jiya. To ba dole a yi mata ba? Bayan Malama ta sauka — bayan wannan kallon da Malama ta yi mata a bakin ƙofa, kallon da ba zargi a ciki, gara ma a ce zargi ne — ta dawo ta tarar da yarinyar tana nan zaune, fuska ga bango. Me ta ce mata? "Kin ba ni kunya. Tashi ki ba ni wuri." Iyakarta ke nan. Ba ta ce mata kyauta ce ba. Ba ta ce zaɓenki aka yi don kin fi kowa iya karatu ba. Ta bari sai da safe, in ranta ya huce. Ga safiyar ta yi.

Malama kuwa tana wurin ranar da aka yi taron zumuntar mata. Layi na biyu, da ɗan littafinta. Matar fasto ce ta ce, "Maman Dogo, taso ki gaya wa 'yan'uwa sirrin. Yaranki kamar ba yara ba." Ta taso. Kai, ta taso kuwa, da sabon ɗankwali, ta yi minti ashirin tana bayani, har takardar kabad ta kwafo ta rarraba. Mata na rubutawa. Aka yi tafi. Gida nawa ke da kujera yanzu? Biyar ta sani. Shida da na mai ɗinki. Yara nawa ke nan suke zaune fuska ga bango da littafin a cinya saboda...

Ruwa. Rigar na son yayyafi a gefen nan. Ina kwanon ruwan?

Dogo na zaune a ƙarshen tebur, ya shirya tsaf tun bakwai da rabi, yana cin burodi, kunnuwa a toshe da abin jin waƙa. Shekara goma sha shida, ya fi babansa tsawo. Yaron da ba ya musu. A ce tashi ya tashi, a ce coci ya ɗauki takalmi. Shekara uku a jere yana cinye gasar haddar ayoyi, kofunan na can saman talabijin. Rubutunsa kuwa, malamansa har nuna wa 'yan aji suke yi. A ina ya koya? A ina kuwa.

Ta kalle shi. Yana tauna, idonsa a kan bango. Haka yake zama a coci. Haka mutane ke zama a bencin kantinsu suna jiran a kira lambarsu. Yaushe rabon da ta ji muryarsa a waƙa? Baki na motsi, eh. Murya fa?

Watan jiya suna wanke-wanke, ita tana cuɗawa yana ɗaurayewa, ta ce masa wace aya ce ya fi so. Hira kawai. Ya daɗe yana juya faranti a ƙarƙashin famfo. "Mama, wadda na fi so ban sani ba. Amma ki tambaye ni duk inda Allah ya yi fushi a littafin nan, zan ba ki sura da aya." Ta yi dariya! Ta yi dariya ta ce Allah ya ƙara basira. Har ta ba matar fasto labari. Kai, wannan mata, ina kika ajiye kunnenki?

A'a. A'a, ba za ta yarda ba. Ba su sata, ba su zagi, ba su yawon banza. Ka duba 'ya'yan bene na biyu, uwarsu na magana suna magana. Itace ai tun yana ɗanye — a'a, bar wannan. Ta yi iya ƙoƙarinta. Wa ya koya mata yadda ake yi? Wa ya zaunar da ita? Abin da ta gani a gidansu wayar rediyo ce.

Wayar rediyo, ninki biyu, rataye a bayan ƙofa. Har yau akwai layi biyu a bayan cinyarta ta hagu, babansu ne kaɗai ya taɓa gani. Inna ba ta da wasa. Gishiri ya yi yawa, waya. An dawo daga aike a makare, waya. Ta tsani wayar nan, ta tsani ƙarar da take yi a iska kafin ta sauka, ta tsani Inna ma wasu ranakun, Allah ya gafarta mata, ya ji ƙan tsohuwa.

Amma Inna ba ta iya karatu ba. Littafinta na naɗe cikin farin ƙyalle a kan akwati, babba, bangon ya ɓare. In ta gama aikin yini ta miƙe ƙafa ta ce, "Ɗauko ki karanta mini." Sai ta ɗauko, ta jingina da cinyar Inna, tana bin layi da yatsa, tana tuntuɓe a kan dogayen sunaye. Inna na tsefe mata kai a hankali, tana cewa "uhm... uhm... sake wannan wurin, ya yi daɗi." Hannun nan dai. Hannun da ya riƙe waya da rana. Ƙamshin man kitso da tsohuwar takarda...

Kuma akwai ranar da ta fasa tulun — ba tulu ba, madubi ne, madubin auren Inna. Ta ji takunta na zuwa. Ba ta gudu waje ba, ina za ta? Ta yi wuf ta janyo littafin daga kan akwati ta rungume, ta tsuguna. Inna ta shigo da waya a hannu. Ta tsaya. Ta daɗe a tsaye tana huci. "Ba na dukan mai riƙe da Maganar Allah. Ajiye." Ta ƙi ajiyewa. Awa guda tana rungume da shi, har Inna ta fashe da dariya ta ce, "'Yar banza mai wayo, to buɗe ki karanta mana tunda kin ɗauka." Nan ne kaɗai a duk gidan waya ba ta kaiwa. Nan take gudu ta ɓuya. Shi ya sa har yau in ta buɗe littafin sai ta ji kafaɗunta sun sauka, shi ya sa take son 'ya'yanta su —

Ta ajiye dutsen a tsaye.

Nan take gudu ta ɓuya. Su kuma... su ina za su gudu?

Takwas da minti goma sha tara. Ta zare wayar dutsen daga bango. Ta ɗaga rigar, sumul, ko layi babu. Ta juya za ta rataye ta a bayan kujera, idonta ya faɗa lungun firji. Wayam. Tsintsiya kawai da alamar ƙafafu huɗu a ƙasa, inda katako ya goge siminti shekara goma sha biyu.

Ina kujerar?

Ba ta san a fili ta faɗa ba sai da Dogo ya zare abu ɗaya daga kunnensa.

"Tana ɗaki da ita, Mama. Rubutu take yi tun jiya. Ba ki ba ta lamba ba, ta zo ta tambaye ni." Ya gutsuri burodi. "Na ce mata in ba a faɗa ba a ɗauki mafi girma. Ni haka nake yi."

Ya mayar da abin kunnensa.

Ni haka nake yi. Yaushe? Sau nawa? Waɗanne ranaku ne ta yi fushi ta wuce ba ta ce komai ba, ta tarar da takarda a kan tebur da safe, ta ce a ranta kai, yaron nan akwai tsoron Allah? Talatin. Na wasa lokacin addu'a. Na wanda ya raina Ubangiji. Aya huɗu sau talatin, da hannun 'yar shekara tara, mai riƙe fensir kamar za ta karya shi. Don an ba ta kyauta.

Taku shida. Ɗaya, biyu — rigar na hannunta, ba ta ajiye ba ashe. Ta tsaya a bakin ƙofa. Tana jin ƙarar fensir a kan takarda, ƙir, ƙir, ƙir, da jan majina. Tura kawai za ta yi. Ba makulli. Ta shiga ta ɗauke ta daga kan kujerar, ta ce... ta ce me? Auta, Allah yana ƙaunarki? Wannan sau goma sha biyar ce, yarinyar ta rubuta ta ranar da ta ciji Dogo. Kada ki ji tsoro, yana tare da ke? Ta ba ta wannan ma, sau goma, da ta ƙi kwana ita kaɗai. Ku bar yara su zo — har wannan, Ubangiji, har wannan, ranar da ta yi barci a makarantar Lahadi. Tana laluben kanta kamar mai laluben aljihu. Duk wadda ta ɗauko akwai lamba a jikinta, da rubutunta. Ba ta bar ko guda ba. Ko guda ɗaya da za ta riƙa karanta musu haka kawai, a kan cinya, ba don an yi komai ba.

To ta yi magana da bakinta mana, ba aya ba. Bakinta... Yaushe rabon? Me uwa ke cewa in ba aya ba? Inna da ba ta san harafi ko ɗaya ba ta san abin cewa. 'Yar banza mai wayo.

A ƙasa wata mota ta yi hon. Ba bas ba ne. Saura minti takwas, bakwai. In aka wanke fuska da sauri, aka sa riga a tsaye, aka ruga... Ta tsaya a gaban mutum ɗari uku ta karanta, za ta karanta kuwa, ba gargada, ai ta haddace shi yanzu. A yi tafi. Matar fasto ta juyo ta ɗaga mata gira. Wani kofin a saman talabijin. Shekara bakwai nan gaba a samu mutum biyu a ƙarshen tebur, kunnuwa a toshe.

Ƙarar fensir ta tsaya.

Ƙafar kujera ta goga ƙasa. Sai ga takardu suna fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, a hankali, har suka taɓa yatsun ƙafarta. An yago su daga littafin makaranta, an jera, an ninke kusurwa don kar su watse, yadda ta koya musu.

Ta durƙusa. Gwiwarta ta yi ƙara. Rubutu ƙanana, a tsaye, lamba a gefen kowanne. Makiyayi ya tafi nema, ya samu, ya ɗauko a kafaɗa. Ya tafi nema, ya samu, ya ɗauko. Ya tafi... Wajen na ashirin da wani abu rubutun ya fara kwanciya, akwai wurin da takarda ta jiƙe ta bushe. A can ƙarshe, ƙasan na talatin, layi ɗaya shi kaɗai:

Mama na gama. Ba zan ƙara ba. In fito?

Ba za ta ƙara me ba? Ba ta ma sani ba. Ba ta san laifin ba, ta dai yi alkawari.

Fito, 'yata. Fito. Kalma ɗaya ce, tana nan a maƙogwaro. Amma yatsanta — dubi yatsanta. Yana kan takarda, yana bin layi, yana gangarawa da kansa, sha bakwai, sha takwas, shekara goma sha biyu yana wannan aikin ba ya neman izinin kowa. Sha tara. Ya tsaya. An tsallake layi a na sha tara, wurin da aka ɗauko ta a kafaɗa.

Bakinta ya riga ya buɗe. Ta ji kalmar a kan harshenta, a shirye, mai sanyi, wadda ta saba — sake.

Ta danne bakin da farar rigar. Inuwar ƙafafu biyu na nan a ƙarƙashin ƙofa, a haɗe, ba sa motsi, suna jiran a gama dubawa.